Gyaran esin mota da makunnin matsi: Abin da ya kamata mai mota ya sani a ƙasar Gumel

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin rana a masarautar Gumel yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, motar da aka bari a rana da gilasai a rufe kuwa cikinta yana iya wuce digiri 60. A wannan tsakani ne kasuwar masu gyaran na'urar sanyaya mota, wadda aka fi sani da esi, take buɗewa. Ma'aikacin da ke sammako daga Gumel zuwa Dutse, da falken da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da direban da ke jigila tsakanin Sule Tankarkar da Kano, kukansu ɗaya ne: esi ya daina sanyi. Amsar da suka fi ji a gareji ita ma ɗaya ce, wato gas ya ƙare.

Gas ɗin esi ba ya ƙarewa kamar yadda fetur ke ƙarewa, domin ba ƙona shi ake yi ba. Zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututu, shekara da shekaru. Idan ya ragu sosai a cikin 'yan watanni, to akwai inda yake yoyo. Sau da yawa ma gas ɗin yana nan, wani ƙaramin ƙarfe ne mai girman babban yatsa ya tsayar da aikin. Masu sana'a suna kiransa furesha suwic, a nan za mu kira shi makunnin matsi. Yadda aka yi da wannan makunni a gareji shi ke raba gyaran da zai kai mota shekaru da wanda zai dawo da ita bayan mako uku da asarar da ta ninka ta farko.

Yadda sanyin yake samuwa

Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi yake yi daga cikin mota ya zubar a waje. Dabarar ita ce dai ta randa: ruwan da ke tsattsafowa a jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Sinadarin da ke cikin yawancin motocin da ke kan titunanmu, mai suna R-134a, yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili idan aka sake shi a fili. Saboda haka da zarar an rage masa matsi sai ya tashi daga ruwa ya koma iska, ya zuƙe zafin duk abin da ke kusa da shi.

Kwamfuresa, wadda bel ɗin inji ke juyawa, ita ce zuciyar aikin. Tana matse gas ya yi zafi ƙwarai, ta tura shi kwandensa, wato siririn ragar alminiyam da ke gaban lagireto. A nan iskar hanya da ta fanka suke huce shi ya zama ruwa. Daga nan ya bi ta diraya, wadda ke tace datti ta kuma tsotse laima, ya isa wani ɗan ƙaramin bawul mai matsattsiyar ƙofa. Yana fita daga wannan ƙofa matsinsa ya faɗi, ya shiga ifaforeta da ke ɓoye a bayan dashbod, ya tafasa, ta yi sanyi ƙarara. Fankar ciki ta busa iska ta jikinta zuwa ga fasinja. Gas ɗin ya koma kwamfuresa, zagaye ya sake farawa.

Abin lura a nan shi ne na'urar tana da ɓangare biyu. Daga bakin kwamfuresa zuwa ƙaramin bawul matsi yana da yawa, bututun siriri ne kuma da zafi. Daga bawul zuwa komawa kwamfuresa matsi kaɗan ne, bututun ya fi kauri, kuma idan esi yana da lafiya za a ji shi da sanyi har yana gumi. Mai mota yana iya buɗe bonet ya taɓa mai kaurin, a hankali, nesa da bel da fanka. Wannan kaɗai ya isa ya ba shi labari kafin ya je wurin kowa.

Akwai kuma abin da mutane da dama ba su sani ba: man da ke shafe cikin kwamfuresa ba ya zaune wuri ɗaya kamar baƙin mai a cikin inji. Gas ne yake ɗauke da shi yana zagayawa. Idan gas ya yi ƙaranci, mai ba ya dawowa yadda ya kamata, kwamfuresa ta riƙa juyawa a bushe.

Aikin makunnin matsi

Saboda wannan ne aka sa makunnin. A yawancin motocin Japan da na Turai ana samun sa a kan siririn bututu, kusa da diraya ko gefen kwandensa, da 'yar waya a kansa. Yana jin ƙarfin matsin da ke cikin bututun, yana ba wa kulocin kwamfuresa izinin kamawa ko ya hana shi.

Mai ƙafa biyu aikinsa biyu ne. Idan matsi ya faɗi ƙasa da kimanin psi 28, alamar gas ya zube, sai ya yanke wuta don kada kwamfuresa ta ci kanta. Idan kuma matsi ya yi sama har ya kai wajen psi 450, nan ma ya yanke, don kada tiyo ya fashe ko kwamfuresa ta lalace. Waɗannan su ne alƙaluman da aka saba gani a motocin Toyota da Honda masu ɗan shekaru. Kowane kamfani yana da nasa, amma ba su yi nisa da juna ba. Mai ƙafa huɗu, irin wanda ke jikin Golf 3 da tsofaffin Corolla da dama, yana da ƙarin aiki na uku: idan matsi ya kai wajen psi 220, yakan ta da fanka ko ya ƙara mata gudu domin kwandensa ta huce.

Motocin da suka biyo baya kuwa, galibinsu sansa suke ɗauke da ita mai waya uku. Ba ta buɗewa ko rufewa, aika saƙo take yi ga kwamfutar mota, wadda masu gyara ke ce wa birenbos, tana faɗa mata adadin matsin a kowane lokaci. Kwamfutar ce ke yanke hukunci. Wannan bambanci yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani a gaba.

A ƙasar Gumel, yankewar sama ta fi faruwa fiye da yadda take faruwa a garuruwa masu sanyi. Iskar da ake so ta huce kwandensa ita kanta ta kai digiri 42. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta cika ramukan ragar tun daga Disamba zuwa Fabrairu, ga yashin hanyoyin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ga ƙaiƙayi da fara da ke maƙalewa a lokacin kaka. Sai a haɗa da cunkoson ranar kasuwa a Maigatari, inda mota za ta yi rabin awa tana rarrafe a bayan tirelolin shanu, babu iskar hanya ko kaɗan. A irin wannan hali matsin sama yana iya zarce psi 300 ko a motar da ba ta da wata matsala. Idan fanka ta yi rauni kuwa, nan da nan zai kai inda makunni zai yanke. Direba ya ji iska ta koma ɗumi, bayan minti ɗaya ko biyu sanyi ya dawo, ya sake tafiya. Makunnin lafiyarsa ƙalau, aikin da aka sa shi yake yi.

Haɗa shi dairek

Nan ne ɓarnar take. Wani mai gyaran, da ya ga kuloci ya ƙi kamawa, sai ya zare soket ɗin makunni, ya lanƙwasa guntuwar waya ya haɗa ƙafafun biyu. Kuloci ya yi ƙas, kwamfuresa ta tashi, mai mota ya yi murna. Wani ma yakan ja waya ne daga batir kai tsaye, ya sa ɗan makunni a gefen sitiyari. Wannan shi ake kira haɗa shi dairek, kuma ɗan uwan wata tsohuwar ɗabi'a ce ta garejojinmu, ta cire tamostat daga inji a ce wai na ƙasar sanyi ne.

A matsayin gwaji na daƙiƙa biyu ko uku, a makunni mai ƙafa biyu, bayan an riga an tabbatar da geji cewa akwai gas, haɗa wayar ba laifi ba ne. Ƙwararru ma suna yi don su gane ko makunnin ne ya mutu. Barin mota ta fita gareji a haka shi ne aika-aika. Idan gas ne babu, kwamfuresa za ta yi ta juyawa ba mai har ta fara niƙa kanta. Garin ƙarfen da ta niƙa zai bi bututu ya shiga kwandensa da diraya da bawul. A ranar da aka zo canja ta, canja ta kaɗai ba zai wadatar ba, domin sabuwar za ta zuƙo wannan gari ta mutu ita ma. Kwandensar motocin zamani ramukanta ƙanana ne ainun, wanki ba ya fitar da komai, sai dai a sayi wata. An gudu daga kuɗin makunni ɗaya, an faɗa kuɗin rabin na'urar.

Idan kuma matsi ne ya yi yawa aka toshe bakin makunni, babu abin da zai tsayar da kwamfuresa sai bawul ɗin gaggawa da ke jikinta ya fesar da gas da mai a cikin inji, ko tiyo ya fashe. Kwamfuresar da ta cije tana iya ƙone kuloci ko ta tsinka bel. A motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya kwamfuresa da altaneta, a wasu har da famfon ruwa. Tsinkewarsa a dajin da ke tsakanin Gujungu da Gumel da tsakar rana, da iyali a mota, ya wuce maganar jin daɗi.

Sansa mai waya uku kuwa ba a haɗa ta ko da gwaji. Ɗaya daga cikin wayoyin tana ɗauke da wuta, a motoci da dama bolt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun ta saƙo. Wanda ya cusa waya a soket ɗin da ka yana iya ƙona kwamfutar, abin da ya fi kwamfuresa tsada a wasu motocin. Da mita ake auna ta, ko a jona na'urar binciken kwamfuta a ga adadin matsin da take faɗa, a kwatanta da abin da geji ya nuna.

Yadda bincike na gaskiya yake tafiya

Mai gyaran da ya san aikinsa da geji yake farawa, inji a kashe. Gejin yana da fuska biyu, shuɗiya ta ɓangaren ƙasa da ja ta ɓangaren sama. Idan mota ta huta, allurai biyun za su tsaya kusan wuri ɗaya. A yanayin digiri 35 za a ga wajen psi 114, a digiri 40 kuwa wajen 133. Idan aka ga ƙasa da 30, magana ta ƙare: gas ya zube, makunni bai yi ƙarya ba, yoyo za a nema.

Sai dai akwai tarko a nan. Wannan adadi na mota a kashe ba ya faɗin yawan gas ɗin da ya rage. Muddin akwai ɗan ruwan gas a ciki, ko rubu'i ne, allura za ta nuna kusan abu ɗaya da na motar da ke cike. Yana dai tabbatar da cewa matsin ya isa makunni ya bari a tashi. Idan ya isa amma kuloci bai kama ba, sai a koma ɓangaren wuta: fiyus, rile, soket ɗin makunni da ƙura da tsatsa ke ci, wayar kuloci, da tazarar da ke tsakanin farantin kuloci da fuli. Wannan tazara ba ta kai milimita ɗaya ba. Idan ta buɗe saboda tsufa, kuloci yakan kama da safe ya ƙi kamawa da rana bayan inji ya ɗau zafi. Ana gyara ta da cire siririn wasa ɗaya, amma an sha sayar wa mutane kwamfuresa sukutum a kan wannan.

Idan kwamfuresa tana juyawa, allurai suna magana. A mota mai lafiya ta ƙasa takan zauna tsakanin 25 da 45, ta sama tsakanin 150 da 250, ta ɗara haka a tsananin bazara. Duka biyun a ƙasa, gas ya yi kaɗan. Duka biyun a sama, ko an cika gas fiye da kima, ko iska ta shiga, ko kwandensa ba ta hucewa. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a watsa wa kwandensa ruwa, idan jar allura ta faɗo nan take kuma sanyi ya ƙaru, to matsalar ta fanka ce ko ta datti. Idan ta ƙasa ta hau, ta sama ta sauko, suna neman haɗuwa, kwamfuresa ta gaji. Idan ta ƙasa ta nutse har ƙasa da sifili, akwai toshewa, galibi a bawul ko diraya.

Wurin yoyo yakan tona kansa, domin mai yana fita tare da gas, ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi. A duba mahaɗar bututu, da bakin kwamfuresa, da ƙasan kwandensa inda tsakuwa ke bugu, da bawulolin da ake ɗura gas, waɗanda sau da yawa an yar da murfinsu. Idan ba a gani ba, a cika da iskar naitirojin a bi da ruwan sabulu, ko a sa kala mai haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. Ba a gwaji da iskar oksijin ta masu walda, ko kusa; haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi fashewa ce. Iskar mai faci ma ba ta dace ba, laima take shigarwa. Yoyon ifaforeta shi ne mafi wahala, don sai an sauke dashbod, kuma a nan ne ya kamata mai mota ya nemi a nuna masa hujja kafin ya amince.

Canja makunnin da ɗura gas

Idan an tabbatar makunnin ne ya mutu, canjinsa ba ya cin lokaci. A wasu motocin yana zaune ne a kan ɗan bawul irin na tayar mota, ana kwance shi gas bai fita ba. A wasu kuwa, ciki har da Toyota da Honda da yawa, babu wannan bawul, dole a fara kwashe gas. Wanda ya kwance ba tare da ya bincika ba, gas zai feso masa, kuma yana ƙona fata kamar ƙanƙara, a ido kuwa yana iya makantarwa. A sa sabuwar robar zobe irin ta esi, wadda galibi koriya ce, a shafa mata man kwamfuresa, a ɗaure daidai, domin zaren alminiyam ba ya jure ƙarfi. A kuma sayi makunnin da lambarsa ta dace da motar. Biyu suna iya yin kama a ido, zarensu ɗaya, amma inda suke yankewa daban. Ƙananan kaya ana samu a Gumel, amma na wasu motocin sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma zai fi kyau a aika da tsohon ko hoton lambarsa.

Duk lokacin da aka buɗe bututu, sai an zuƙe iska da injin bakyum na aƙalla minti 30 kafin a ɗura gas, sannan a rufe a jira a ga ko allura za ta motsa. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, musamman idan babu wuta kuma ana ƙyashin ta da janareta. Wasu sukan saki ɗan gas ya kore iskar, su ce ya yi. Bai yi ba. Laimar da ta rage takan daskare a bakin bawul ta toshe shi, sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, a hankali kuma ta haɗu da mai ta zama asid mai cin ƙarfe daga ciki. Idan bututun ya daɗe a buɗe, diraya ma ta tashi daga aiki.

Gas kuma da sikeli ake ɗura shi. Akwai takarda a ƙarƙashin bonet da ke faɗin nau'i da nauyin da motar ke ɗauka. Ƙananan motoci galibi tsakanin giram 450 ne zuwa 650, masu esi biyu irin Sienna da wasu Sharon sun fi haka. Mai mota da ke cewa a ƙara masa gwangwani ɗaya don sanyi ya yi yawa, kansa yake cuta: gas ɗin da ya wuce kima yana rage sanyi, yana ɗaga matsi, makunni ya yi ta yankewa.

Nau'in gas ɗin shi ma abin tambaya ne. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 da R-12 suka zo, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga rufin ozon. R-134a ya gaje shi. Shi ma yanzu ana janye shi, domin ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau 1,430. A Tarayyar Turai an hana shi a sababbin motoci tun daga 2017, kuma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali cikin Oktoban 2016 ya tanadi rage irinsa a duniya baki ɗaya. Ma'anar wannan ga mai sayen mota 'yar Kwatano ita ce, wadda aka ƙera a 'yan shekarun nan tana iya zuwa da R-1234yf, mai tsada, mai bakin ɗuri daban. A duba takardar kafin a ɗura komai.

Gas mai araha da ba a san asalinsa ba ya fi kowanne haɗari. R-22 na esin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin na'urar mota. R-600a na firji da R-290 kuwa 'yan uwan gas ɗin girki ne, suna kamawa da wuta, ga shi ifaforeta a cikin ɗakin fasinja take. A 2011 an samu fashewar kwantenonin sanyi a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, har da asarar rayuka, aka gano jabun R-134a ne da aka gauraya da wani sinadari mai suna R-40, wanda ke cin alminiyam. Mai mota yana da haƙƙin ya ga tukunyar da ake ɗura masa. Wanda kuma ya sayi gwangwani ya ajiye, kada ya bar shi a cikin mota a rana.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da yawa sun rage kunna esi, wasu sukan yi watanni ba su taɓa shi ba, musamman da hunturu. Robar bakin kwamfuresa da mai take rayuwa. Idan ta daɗe ba ta samu ba sai ta bushe ta fara yoyo. Kunna shi na minti goma a mako yana hana haka. A ƙarshen Fabrairu, kafin layi ya yi tsawo a gareji, a wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota mai feshi yana lanƙwasa ragar. A zare matatar iskar ciki, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin dashbod, a kaɗe ta ko a canja. Sannan a ta da mota, a kunna esi, a tsaya a gaban bonet a tabbatar fanka ta tashi, a kuma leƙa soket ɗin makunni a ga ko a jone yake ko wani ya riga ya cusa masa waya, musamman idan motar ta hannu ce.